Tsakanin “yana gudu” da “yakan gudu”: abin da komawa Turanci zalla ke nufi ga ƙananan azuzuwan Bauchi

Ranar 12 ga Nuwamban 2025, a wajen wani taro kan harshe da ilimi da British Council ta shirya a Abuja, ministan ilimi Dakta Tunji Alausa ya ba da sanarwar cewa gwamnatin tarayya ta soke manufar koyar da yara da harshen uwa. Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Manufar da aka soke ɗin ba ta ko cika shekara uku ba. A ƙarshen Nuwamban 2022 majalisar zartarwa ta amince da ita, zamanin da Malam Adamu Adamu, mutumin Azare, ke riƙe da ma'aikatar, kuma ta tanadi a koyar da yaro da harshensa duk tsawon shekara shida na firamare.

Tun daga nan iyaye da malamai a jihar Bauchi ke ta tambayar juna. An hana malamar aji biyu buɗe baki da Hausa ke nan? Yaron da bai taɓa jin Turanci a gidansu ba, ta ina zai kama? Yawancin muhawarar a sama take yawo, ana batun al'ada da ci gaba. Idan aka sauko cikin aji kuwa, akwai darasi guda da ke nuna ainihin abin da ake jayayya a kansa, wato darasin kalmomin aiki na lokacin yanzu, irin su “run”, “jump”, “eat” da “wash”, waɗanda littattafan Turanci na ƙananan azuzuwa ke kawowa tun da wuri. Ana ɗaukarsa darasi mai sauƙi da kowane malami zai iya. Amma daga cikinsa ne kurakurai da dama ke tasowa su bi ɗalibi har takardar WAEC.

## Lokacin yanzu guda biyu ne, ba ɗaya ba

A nahawun Hausa, kalmar da ke ɗauke da aiki a jimla sunanta aikatau. Akwai aikatau na motsi, waɗanda ido ke gani: tsalle, shara, wanki, rubutu. Akwai kuma na hali, da ba a ganin mai yinsu yana motsi: sani, so, mallaka. Da na motsi ake fara koya wa yara, don malami zai iya nunawa da jikinsa.

Rikicin yana cikin kalmar “yanzu”. Abin da allo ke kira “present tense” siga biyu ne a Turanci, kuma aikinsu daban. Ta farko ita ce “She cooks”. Ta biyu ita ce “She is cooking”. Duk wanda ya yi nahawun Hausa a sakandare zai gane su nan take, domin ta biyun ita ce lokaci mai ci, “tana dafawa”, ta farkon kuma ta fi kusa da lokaci sabau, “takan dafa”. Ma'ana, sigar da ake kira “simple present” yawanci ba ta maganar abin da ke faruwa a wannan daƙiƙa. Tana maganar abin da aka saba yi, ko sana'a, ko abin da yake haka kullum. “My father sells onions” ba ya nufin baban yana tsaye a kasuwar Muda Lawal da albasa a hannu yanzu haka. Yana iya zama yana barci a gida. Sana'arsa aka faɗa.

A nan ne hoton littafi ke yin ɓarna ba da niyya ba. Za a zana yaro ƙafa ɗaya a sama, a rubuta “He runs” a ƙasa. Yaron aji yana kallon hoton, zuciyarsa na ce masa “yana gudu”, sai ya ɗaure wannan ma'ana da wannan siga. Alhali jimlar da ta dace da hoton ita ce “He is running”. Idan an jima malama ta nuna Binta tana share aji ta ce “What is she doing?”, yara su amsa da ƙarfi “She sweeps”, sai a ce ba su da ƙwaƙwalwa. Abin da aka nuna masu suka mayar.

## Inda Hausa ke ba da hannu, da inda take jan yaro baya

Ɗan shekara shida da ya tashi da Hausa ya riga ya san bambancin “yana kiwo” da “yakan yi kiwo”, ko da bai san sunayensu ba. Wannan jari ne babba. Malamar da ta ce wa ajinta, “Idan yanzu-yanzu ake yi, ku sa is da ing. Idan kullum ake yi, ku bar su,” ta gama cikin numfashi biyu abin da zai ci makonni idan da Turanci zalla za a bayyana shi ga yaran da kalmominsu na Turanci ba su taka kara sun karya ba.

Sai dai daidaiton bai cika ba, kuma wuraren da ya gaza su ne asalin “Turancin Bahaushe” da ake yi wa dariya.

Na farko, a maganar yau da kullum ba mu cika amfani da “yakan” ba. Uwa ba za ta ce “Sani yakan je Islamiyya” ba sai in tana nufin wani lokaci yana zuwa. Cewa za ta yi “kullum yana zuwa Islamiyya”. Lokaci mai ci ya ɗauki aikin sabau. Yaro ya kwashe wannan ya kai Turanci, sai ka ji “He is going to Islamiyya every day”. Saboda haka fassara “yana” da “is … ing” kai tsaye tarko ne. Gwajin da ya fi aminci shi ne a tambayi yaro: jimlar tana karɓar “kullum”, ko “yanzu haka”? A jimlar da ke kore aiki ma abin ya fi cakuɗewa, domin “ba ya cin kifi” na iya nufin bai sa hannu a kwanon ba a yanzu, yana kuma iya nufin ba abincinsa ba ne sam. Turanci ya raba su: “He is not eating fish” da “He does not eat fish”.

Na biyu, aikatau na hali. Bahaushe na cewa “ina da biro”, “ina son rake”, “ina jin Turanci”, duk da “ina”. Yaron da aka koya wa cewa “ina” ita ce “I am” zai fito da “I am having a biro” da “I am hearing English”, kuma hankali ya yi amfani da shi, ba sakarci ba. Turanci ne ke ƙin sa “ing” a irin waɗannan. Wasu kuma Hausa da shuɗaɗɗen lokaci take faɗarsu: “na sani”, “na gane”, “na yarda”. Shi ya sa idan malami ya tambaya ko an fahimta, za a ji “I understood” maimakon “I understand”.

Na uku, ginin jimla. A Hausa ba a cewa “Audu gudu”. Dole a sa “yana” ko “ya” ko “yakan” tsakanin suna da aiki, kuma wannan 'yar kalma ita ke ɗauke da jinsi da adadi da lokaci gaba ɗaya, aikatau ɗin kansa ba ya sauyawa don mai aikin ya sauya: ina wanki, kana wanki, suna wanki. To “yana” a kunnen yaro “he is” ce, don haka “Audu yana gudu” sai ta koma “Audu he is running”. Haka tambaya. Mu da ɗaga murya muke yinta, ko mu sa “shin” ko “ko”. Turanci sai ya ɗauko wata kalma daga waje, “do” ko “does”, wadda ba ta da takwara a Hausa ko kaɗan.

Akwai kuma kalmomin da faɗinsu ya bambanta. “Sha” ɗaya ce a wajenmu ga ruwa da mangwaro da magani da rake. Turanci zai ce “drink” ga ruwa, “eat” ga mangwaro, “take” ga magani. Wannan sai da misali bayan misali, ba ƙa'idar da za ta rufe shi.

Wani abin lura ga Bauchi musamman: ba kowane yaro ne Hausa ke harshen uwarsa ba. A Bogoro da Tafawa Ɓalewa akwai Zaar, a Dass akwai Jarawa, ga Warjawa, ga Fulani ko'ina. Ga da yawa cikin waɗannan yara Turanci harshe na uku ne. Wanda ya zo da Fulfulde, alal misali, ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, “o” ce ga kowa, don haka “he” da “she” da ɗan Hausa ke kamawa cikin sauƙi ta hanyar “ya” da “ta” na iya ba shi wahala. Shi kuma ɗan Hausa “it” ce ke kayar da shi, tunda a wajensa akuya “ita” ce, doki “shi” ne.

## Harafi ɗaya da ke cinye jan biro

I run, you run, we run, they run, amma he runs. Wannan “s” da ake liƙa wa aikatau idan mai aikin mutum ɗaya ne da ake ba da labarinsa, babu abin da ya kai ta shan jan biro a littafin yaro.

Dalilan wahalarta sun haɗu ne wuri guda. Ba ta ƙara ma'ana: “he” ta riga ta faɗi komai, kowa zai gane “he run”. Ragowar tsohon Turanci ce, lokacin da aikatau ke da ɗafa-ƙeya iri-iri, wato haruffan da ake liƙa wa ƙarshen kalma, sauran suka zube ita ta tsaya. Sannan a makon jiya aka koya wa yaro cewa “s” jam'i take nunawa, boy ya zama boys. Yau an ce masa “the boy runs” amma “the boys run”, wato a kan suna tana nufin da yawa, a kan aiki tana nufin ɗaya. Da ya fara sabawa kuma sai a ce ya cire ta a “Does he run?” da “He does not run”, don ta koma jikin “does”. Ga kuma “goes”, “washes”, “carries”, “has”, kowacce da nata rubutun.

Sai batun furuci, wanda ba a cika kula da shi ba. Gaɓar Hausa ba ta tara baƙaƙe a ƙarshe. “Jumps” na ƙarewa da baƙi uku a jere, m da p da s, “drinks” ma haka. Harshen da ya saba da “ba-ba” da “kar-kashi” zai yar da na ƙarshe ko ya cusa wasali a tsakani, kamar yadda muka yi wa “bread” ya zama burodi. Idan malamin kansa ba ya furta “s” ɗin a fili, a aji mai hayaniya, yaron da ke benci na baya bai taɓa jin ta ba. Ana neman ya rubuta abin da kunnensa bai san da shi ba.

Bincike ya daɗe da nuna cewa wannan jinkiri ba na 'ya'yan Hausa kaɗai ba ne. Roger Brown na Jami'ar Harvard, a aikin da ya fitar a 1973 kan yaran da Turanci ne harshen uwarsu, ya bi sawun ƙananan sigogin nahawu 14, ya tarar “ing” ce ke fara zama a bakin yaro, “s” ta aikatau kuwa tana cikin na baya-baya. A 1974 Heidi Dulay da Marina Burt suka gwada yara masu jin Sifaniyanci da Sinanci da ke koyon Turanci a Amurka, nan ma “ing” ta riga, “s” ta makara. Abin da wannan ke nufi ga aji a Misau ko Ningi shi ne, yaron aji biyu da ke cewa “she cook” yana kan hanyar da kowa ke bi. Gyaran na da amfani, amma bulala ba ta gaggauta shi. Kuma tsarin da ke fara koyar da “He runs” kafin “He is running” don ana ganin ta fi gajarta, ya fara ne da mai wuyar.

## Yadda aka iso nan

Tun 1977 da aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa aka tanadi fara koyar da yaro da harshen yankinsa. A bugunta na 2013, tanadin shi ne a koyar da yaro da harshen yankinsa a shekara uku na farko, Turanci na matsayin darasi guda, daga aji huɗu a juya zuwa Turanci sannu a hankali. Masu wannan ra'ayi na kafa hujja da gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da wasu yara da Yarbanci duk firamare, Turanci kuma ƙwararrun malamai suka koyar da shi a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin.

A aikace manufar ba ta taɓa zama daram ba. Makarantun kuɗi sun bi Turanci tun daga nazire don shi iyaye ke biya su ji. A makarantun gwamnati kuwa littafi da allo da jarrabawa na Turanci ne, bayani na Hausa. Bauchi na cikin wuraren da aka gwada tsari na gaske: ƙarƙashin shirin inganta ilimi na NEI Plus da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta tallafa daga 2015, ita da Sakkwato sun yi amfani da littattafan Mu Karanta! Let's Read!, inda yaro ke fara koyon karatu da Hausa sannan a ɗora masa Turanci. Manufar 2022 ta so ta tsawaita harshen uwa zuwa shekara shida. Sanarwar 2025 ta juya akalar gaba ɗaya.

## Hanyoyi uku da ake gani a aji

Hanyar da ta fi yawa ita ce hadda. Malami ya rubuta “A verb is an action word”, aji ya maimaita har bango ya amsa, sannan a jera “I go, you go, he goes”. Bai kamata a raina ta ba. Yaran da suka saba da allo da tilawa suna da ƙarfin riƙewa, kuma a ajin da yara suka cika har bakin ƙofa, amsa-amo ce kaɗai ke ba kowa damar buɗe baki. Rauninta shi ne yaro na iya rera ma'anar aikatau tsaf bai iya cewa yana son fita fitsari da Turanci ba.

Ta biyu ita ce koyo da motsin jiki, wadda James Asher na jami'ar San José a Kalifoniya ya tsara a shekarun 1960, ake kiranta “Total Physical Response”, ko TPR a taƙaice. Malama ta ce “Stand up”, ta miƙe, yara su miƙe. “Clap”, a tafa. “Touch your nose.” Ba a tilasta wa kowa magana da farko, jiki ne ke amsawa. Ba ta buƙatar littafi ko wuta, kuma ta dace da sabuwar doka tunda ba sai an fassara ba. Amma tana da iyaka da masu horas da malamai kan tsallake: “Jump!” umarni ne, ba lokacin yanzu ba. Yaron da ya yi tsalle da aka ce “jump” ya koyi ma'anar kalma, bai koyi “she is jumping” ba, balle “she jumps”.

Sai an ƙara mataki. Ga yadda yake a ajin da aka iya shi. Malama ta miƙa wa Hauwa tsintsiya ta ce “Sweep”. Hauwa na cikin shara, ƙura na tashi, malama ta juya ga aji: “Look. Hauwa is sweeping.” Aji ya maimaita. Ta ce “Stop”. Hauwa ta tsaya, tsintsiya a hannu. “Is she sweeping?” Wasu su ce “Yes” don sun ga tsintsiya, wasu su ce “No”. A wannan 'yar gardama darasin yake, domin a nan ne yaro ke gane cewa “is sweeping” na rayuwa ne muddin hannu na motsi. Wani makon, Hauwa na zaune a bencinta, malama ta zana rana bakwai a allo ta ce, “Hauwa, kina shara a gida da safe?” “Ina yi, Malama.” “Kullum?” “Kullum.” Sai ta ɗora alama a kowace rana: “Hauwa sweeps every morning,” tana jan “s” ɗin har sai na baya sun ji. Hauwa ba ta motsa ba, kuma jimlar gaskiya ce. Daga nan sai ɗebo ruwa, kai niƙa, zuwa Islamiyya, kora awaki, duk abin da yaran ke yi da gaske tsakanin asuba da magariba.

Wannan ita ce hanya ta uku, mai gauraya: motsi ga abin da ake iya nunawa, Hausa kaɗan ga abin da ba a iya nunawa, maimaici don ya zauna. A lura cewa a misalin nan Hausar da aka yi ba ta wuce jimla biyu ba, kuma ta faɗo ne daidai inda hannu ba zai iya nuna “kullum” ba.

## Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Ministan ya kafa hujja da sakamakon WAEC da NECO da JAMB, yana cewa faɗuwa ta fi yawa a yankunan da suka fi dogara da harshen uwa. Masu goyon bayansa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tunda da Turanci za a yi jarrabawa da neman aiki, gara yaro ya fara jinsa da wuri. Suna ƙarawa da cewa ƙasa mai harsuna sama da 500 ba ta da littattafai da malaman da za su koyar da lissafi da kimiyya a kowanne, kuma a aji ɗaya a cikin garin Bauchi za a iya samun harsuna huɗu. A darasin aikatau hujjarsu na da ƙarfi ta fuska ɗaya: “s” da “does” ba a koyonsu da bayani, sai da yawan ji. Ajin da ake fassara kowace kalma, yaro kan daina sauraron Turancin ya jira Hausar.

Masu suka, cikinsu har da masana harshe da dama, na cewa lissafin bai fita ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan amincewa da manufar 2022 bai gama ko aji uku ba lokacin da aka soke ta, ba shi ya zauna WAEC ba. Suna ganin faɗuwar ta fi alaƙa da ƙarancin malamai da cunkoso da talauci da yawan fashin makaranta. Suna kuma raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: koyar da Turanci daban, koyarwa da Turanci daban. Ba wanda ya ce kada a yi na farkon tun aji ɗaya. Nasu ƙarfin a wannan darasi shi ne, bambancin “yanzu” da “kullum” tunani ne, kuma yaro ya riga ya mallake shi da harshensa.

Akwai abin da dukansu suka dogara a kansa ba tare da sun cika faɗa ba, wato malamin. Turanci zalla na aiki ne idan malami na da Turancin da za a kwaikwaya. Idan shi ma “he go” yake cewa, ƙarin sa'o'i na nufin ƙarin kuskure a kunnen yara. Gauraya kuma na aiki ne idan malami ya san inda harsunan biyu suka rabu. Mai takardar shaidar malanta ta NCE da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare ko ta Kangere, in ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa dalilin “I am having” ba, zai yi ta jan layi a ƙarƙashinta shekara da shekaru ba tare da ya taɓa tushen ba.

## Abin da iyaye da malamai za su gani

A makarantun gwamnati, musamman na karkara, da wuya sanarwa ta kori Hausa daga bakin malami, domin wanda ke gaban yaran da ba su gane ba dole ya nemi hanyar da za su gane. Abin da zai iya sauyawa shi ne matsayinta. Idan masu duba makarantu daga SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi suka ɗauki dokar da tsauri, Hausa za ta koma abin da ake yi a ɓoye, ba wanda zai horas da malami yadda zai yi amfani da ita da tsari, kuma littattafan da aka gina kan fara karatu da Hausa za su rasa mazauni. Akwai kuma yiwuwar tsohuwar al'adar hukunta mai “vernacular”, wato mai magana da harshen gida a makaranta, ta sami sabon ƙarfi. Yaron da ke tsoron kuskure shiru yake yi, aikatau kuwa da faɗa ake koyonsa.

Ta fuskar aljihu, ana iya tsammanin ƙarin matsi kan iyaye su nemi lesin ko makarantar kuɗi, kuma tazara ta ƙaru tsakanin yaron da ke jin Turanci a talabijin da wayar gidansu da wanda sai a aji yake jinsa, cikin darasin da bai wuce minti 40 ba. Abin ba ƙarami ba ne, tunda sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a, kuma daidaita mai aiki da aikatau na cikin abin da masu makin insha'i ke cire maki a kansa.

Uban da ke son sanin ko ɗansa na koyo ba ya buƙatar jin Turanci sosai. Rera “A verb is an action word” ba shaida ba ce, haka ma littafin da ya cika da jerin kalmomi. Ya nuna uwar yaron tana tuƙa tuwo ya ce, “Faɗa mini da Turanci me Mama take yi.” Idan ya ji “is” da “ing”, an kama ta farko. Bayan an ci an wanke hannu, tukunya na kife, ya ce, “To faɗa mini abin da take yi kowane dare.” Idan amsar ta sauya siga, ko da “s” ɗin ta faɗi, yaron ya gane bambancin. Idan amsa ɗaya ya bayar sau biyu, wannan ne abin da za a kai wa malama ranar taron iyaye, kuma tambayar da za a yi mata ita ce wacce cikin sigogin biyu aka fara koya wa ajin, da wane irin misali.